Zogalen Bayan Ganuwa

Wata uku na yi ina shirya tafiyar nan daga flat ɗinmu, gidan da muke zaune a unguwar Dagenham ta London. Ni na yi booking ɗin jirgi da masauki, ni na karance tarihin tsohon garin Galle da ke tsibirin Sri Lanka, inda Turawan mulkin mallaka suka bar ganuwar dutse da coci da manyan bindigogi. Har mahaifiyata Hajiya, wadda sanyin London ya hana ta leƙa ko ƙofar gida, sai da na lallaɓa ta ta biyo mu.

Da muka isa, muna cikin sauraron ɗan jagora yana ba da labarin wani gwamna da ya mutu tuntuni, na waiga babu Hajiya. Na shiga dube-dube. Can na hango mayafinta a wani lungu, tana gindin bishiyar zogale tare da wata tsohuwa 'yar garin. Ba mai jin yaren wani, amma tsohuwar na tanƙwaro reshe, Hajiya na tsige ganye a gefen mayafi, suna ta dariya.

"Hajiya, tarihi fa muka zo gani!"

"Je ki gani," in ji ta. "Shekara shida rabona da ɗanyen zogale."

Ran nan kwaɗon zogale muka ci a masauki, da ƙulin da ashe ta ɓoye a jaka tun daga gida.

Da muka dawo, maƙwabciyarmu ta tambaye ta yadda ta ga gine-ginen Turawa. Hajiya ta ce:

"Gine-gine? Ban lura ba. Amma ƙasa ce mai albarka, zogalensu ko ɗaci babu."