Ni ce mai riƙe musu waya

Shekarun baya, muna zaune a Gazawa, na yi kishin wata baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Matar yayana ce.

Ɗiyata ta uku sanƙarau ya kama ta tana ƙarama. Ta tashi, amma jin ya tafi. A gida muka ƙirƙiro 'yan alamunmu: abinci, ruwa, zo, bari. Iyakar hirarmu ke nan, ni kuwa gani nake muna fahimtar juna. Da ta isa shiga lakol, wato makarantar boko, babu inda za a karɓe ta kusa da mu, sai yayana ya ce a kawo ta wajensu Maradi, akwai lakol ta kurame. Na kai ta, na dawo ina kuka har muka wuce garin Agye.

Matar yayana ke raka ta kullum, ta zauna jiran a tashi, a haka ta tsinci maganar hannu. Hutun farko da suka zo tare, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ga suna ta juya yatsu, ɗiyata ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ban taɓa jin wannan dariyar a bakinta ba.

"Yaya, me take cewa?" na tambayi matar yayana.

"Wai akuyarki tafiyar maƙwabciyarku take yi."

Na yi yaƙe. Na ci gaba da tankaɗena.

Daga nan duk hutu, in ɗiyata ta zo ita kaɗai, sai ta miƙo mini waya in kira matar yayana ta bidiyo. Ita hannu biyu take buƙata don magana, ni ce mai riƙewa. Su yi ta hira, ni ina kallon bayan waya, hannuna na sagewa. In na ɗan karkace, ta gyara ni kamar mai gyara turke. Har addu'a nake a zuci rezo ya ɗauke, kiran ya yanke.

Wata damina, lokacin ɗiyata ta fara tasawa, ta ƙi fitowa daga ɗaki da safe, fuskarta duk tsoro. Na yi mata alamar abinci, ta girgiza kai. Na yi mata alamar ciwo, ta tura mini waya. Na kira. Ta yi ta magana da sauri tana hawaye, ban tsinci komai ba.

"Juyo da wayar wajenki," in ji matar yayana. "Kwantar da hankalinki. Girma ne ya zo mata, ta gani ta tsorata. Ki nuna mata yadda za ta kimtsa, sauran na yi mata bayani."

Sauran ta yi mata bayani. Abin da mahaifiyata ta zaunar da ni ta faɗa mini, ɗiyata ta ji shi daga wajen wata, ni ina tsaye riƙe da waya.

Ana gama girbi na ce wa maigidana zan tafi Maradi. Malamin ajin ɗiyata ya bar ni in riƙa zama a baya. Ga ni ƙatuwar mace cikin yara, yatsuna a sandare, suna ta ƙyaƙyata ni. Da marece matar yayana ta maimaita mini, ni kuwa ina karɓar gyaranta ina kumbure-kumbure. Ta lura, amma ta ci gaba da lanƙwasa mini yatsu.

In na tuna yanzu, abin da ke ba ni haushi shi ne an ce mu kai yaranmu lakol, amma ba wanda ya ce mana mu ma iyaye mu zauna mu koya. Da na sani tun tana ƙarama, da ban yi shekaru ina baƙuwa a wajen ɗiyata ba.

Kishin bai mutu duka ba. Har yau in suka haɗu sun fi ni sauri, kuma abin na ɗan sosa mini rai. Amma akwai ranar da na sa ɗiyata wanke-wanke, ta juyo ta ce mini da hannu, "Kullum ni, don ba ni da bakin gardama?" Na gane maganar tas, ba wanda ya fassara mini. Na ɗaure fuska na yi mata faɗa sosai, da hannuna. Sannan na shige ɗaki na toshe baki ina dariya, na manta ba za ta ji ni ba.