Ndakotsu na Limawa da Motar da Ya Ƙera wa Dutsen Shagbe

Da an idar da sallar asuba a Limawa, kafin masu keke su fara rige-rigen fasinja, za ka ga wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa ya fito daga lungu, yana tafe yana shafa bango da hannun hagu. Ndakotsu ke nan, makanike. Zai buɗe ƙyauren gareji da bisimilla, ya share wurin da kansa, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya sha kunu, yana jiran motar farko. Shekara arba'in da ɗaya yana haka, tun da ya taso daga Bida yana saurayi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mu mutanen Minna muna da wani hali mara kyau: sai mutum ya mutu muke tuna yana da kirki. To, ba za a yi wa Ndakotsu haka ba. Gara a faɗa yana ji.

Direbobin da ke ɗauko doya daga Garatu sun san shi sarai. Idan ya canza maka wani ƙarfe, sai ya damƙa maka tsohon a hannu, ya nuna maka inda ya ci. An sha ganin mai mota yana kumfar baki a ba shi makulli yana sauri, Ndakotsu kuma ya jefa makullin a aljihu ya ce burkin bai yi masa ba tukuna. Ka zage shi, ka kira shi mai taurin kai, ko a jikinsa. Amma ba don wannan ake yi masa jinjina yau ba. Don Martha ne, da wani dutse da ke bayan Garatu.

Shekara ashirin da biyu Ndakotsu yana aiki da wani mai walda, Moses, Bagbagyi daga ƙauyen Shagbe. Shagbe a kan dutse yake, ba hanyar mota, ko babur ba ya hawa. Kullum suna cikin musu, wannan ya ce shinkafar Nupe ce abinci, wancan ya ce in ba doya ba a ci komai ba, amma a kwano ɗaya suke sa hannu. Da Moses ya rasu, danginsa suka ce a kai shi gida, kusa da ubansa. Mota ta tsaya a gindin dutse, maza suka saɓa akwatin a kafaɗa, Ndakotsu yana cikinsu.

Martha, matar Moses, mutuniyar Zonkwa ce. Tun wani haɗarin babur da aka sa mata ƙarfe a ƙugu ba ta iya doguwar tafiya, balle hawan dutse. Aka zaunar da ita a ƙarƙashin ɗorawa, aka ce in an kai gawa za a dawo a ɗauke ta. A tsakiyar hanya akwai wani mataki da ya kai ƙirjin mutum, ga santsi. Nan ƙafar wani magidanci ta zame. Akwatin ya bugi dutse ya tsage, mutumin ya karye a cinya. Ndakotsu ne ya tsugunna ya mayar da ƙusoshin da dutse.

Da aka sauko da samari huɗu za su ɗauki Martha, labari ya riga ya iso mata. Ta ce a'a.

"Ɗan wani ba zai karye saboda ni ba. Ku bar ni."

Aka yi, aka yi, ta ƙi. Aka binne mijinta tana zaune a gindin dutse, ba ta ga ko ƙasar da aka rufe shi da ita ba. A hanyar komawa Minna ba ta yi kuka ba. Sai da suka iso bakin gari ta juyo wajen Ndakotsu ta ce, "Baba Nda, wane gefe kansa yake kallo?"

Ya faɗa mata. Sannan ya ce, "Maman Shekina, in Allah ya bar ni da rai, za ki gani da idonki."

Ita ta ɗauka maganar ta'aziyya ce. Shi kuwa bai iya irin wannan maganar ba.

Ya samo wata tsohuwar Landiroba a bayan wani sito a Chanchaga, irin ta zamanin da, wadda kaji suka mayar gidan ƙwai. Ya jawo ta gareji ya tuɓe ta tsaf, ya bar ƙashin kawai. Ya yanke gaba, ya yanke baya, don kada hancinta ko gindinta ya tokari dutse. Ya sa mata dogayen sifirin ta ɗaga sama, ya lulluɓe cikinta da farantin ƙarfe, ya ɗaure tayoyin baya su riƙa juyawa tare ko da ɗaya ta tashi daga ƙasa. Ya lanƙwasa bututu masu kauri ya yi mata keji, saboda ko da za ta kife, kada ta danne na ciki. Duk waldar nan da kansa ya yi, shi da ba sana'arsa ba ce, don mai waldarsa yana kan dutse.

Ranar Lahadi kuma sai ya tafi Shagbe da gora da igiya, ya bi hanyar da ƙafa yana auna kowane mataki. Da ya gama, ya sa aka zube masa tifa biyu ta duwatsu a bayan gareji, ya kwaɓa siminti, ya gina irin matakin nan da ya kayar da akwatin Moses, tsawo da faɗi daidai. Makanikan layin suka samu abin dariya.

"Nda, ka bar kanikanci ka koma birkila ne?"

"Ku dai ku ci gaba da gyaran keke," in ji shi.

Matarsa Muniratu ma ta gaji. Ta ce mutum ya yini a ƙarƙashin motocin mutane, ranar hutu kuma ya tare a ƙarƙashin gawar mota, wannan ai ba rayuwa ba ce. Ya ce ta yi haƙuri. Ta yi, amma ba ta daina mita ba.

A shekara ta huɗu motar ta haye dutsen bayan gareji, sau goma ba gargada. Ndakotsu ya ji daɗi ƙwarai. Ya cika tayoyi da iska tam, ya nufi Shagbe shi kaɗai don gwaji. Da ya iso matakin, ya yi abin da duk direban gari zai yi in ya ga tudu: ya ba ta wuta. Ashe dutsen da ya gina yana da kaushin siminti, na Allah kuwa sumul yake kamar bayan ƙwarya. Tayoyi suka yi ta juyawa a banza, mota ta yi tsalle, shaf ɗin da ke juya tayoyin baya ya karye ƙas, ta zamo baya sai da wata bishiya ta tare ta.

Ya fito ya zauna a ƙasa. Ya faɗa da bakinsa cewa ranar ya yi kuka, shi da furfurarsa.

Yana nan sai ga wata tsohuwa 'yar ƙauyen, ta saɓo itace a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, takalmanta a hannu. Ta tsaya ta dubi mota, ta dube shi.

"Mai mota, kai ka yi fushi da dutse?"

"Iya, ba fushi ba ne. Ƙarfi na ba ta."

"Dutse ba ya son ƙarfi. Ka ga takalmina? A hannu yake. Ƙafa mai laushi shi ne yana kama dutse." Ta dafa matakin, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta jira, ta ɗora ɗayar, ta wuce abinta.

Makanike mai shekara talatin da wani abu a sana'a, tsohuwa mai itace ta koya masa aikinsa. Da wani ne, da ya ɓoye wannan labari. Shi kuwa duk wanda ya tambaye shi asirin motar, da tsohuwar yake farawa.

Ya koma Limawa ya sake lissafi. Ya nemo ƙaramin giyabos, wato akwatin giya, na wata matacciyar Landiroba ya haɗa a bayan na farko, har motar ta zama in an sa ta a giyar ƙasa, mai tafiya da sanda ma zai wuce ta. Ya gane cewa in an iso dutse, sace iskar taya ake yi har ta yi laushi ta kwanta a kan dutsen ta rungume shi. Wannan ya ci wasu shekara uku, saboda aikin mutane ne ke ciyar da gida, mota sai abin da ya ragu na lokaci.

A cikin shekarun nan ne ganinsa ya fara dushewa. Da farko lambar sifana ce ta gagare shi, daga baya fuskokin mutane. Likita ya ce jijiyar ido ce ke mutuwa, ba abin yi sai lallaɓawa, kuma ya rabu da walda. Sannan bara Shekina, 'yar Martha, ta zo gareji ta ce jikin mama ya yi rauni, bayan Kirsimeti za ta tafi da ita Zonkwa gaba ɗaya. Wato in ba a hau dutsen nan da wannan kakar ba, ba za a hau ba har abada.

Ranar tafiya, Martha ta sa farin zanen zumuntar mata na cocinsu. Aka ɗaure ta da bel biyu a kujerar da ya yi mata ta musamman, da matasai a ƙugu. A gindin dutse aka sace iskar tayoyi. Ndakotsu ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari, ya dubi gaba. Ya daɗe yana duba. Sai ya sauko.

"Mamudu, zo ka karɓa."

Mamudu tsohon direban doya ne, wanda suka gwada motar tare sau biyu a dutsen bayan gareji ba fasinja. Ya ce, "Haba Nda! Shekara bakwai kana ƙera abu, yau ka ba wani?"

"Ba na ganin bakin dutsen sosai. Ba don in tuƙa na ƙera ta ba."

Kai ne, Ndakotsu, ka yi wannan. Da ka yi shiru ka tuƙa, ba wanda zai sani, kuma ba wanda zai ce ba ka cancanta ba. Ka cire takalmanka, ka dafa hancin motar da hannu ɗaya, ka shiga gaba kana lalubar dutse da tafin ƙafa. Waɗanda suka bi ku sun ce muryarka kawai ake ji da gunjin inji ƙasa-ƙasa. "Dama kaɗan. Tsaya. Kada ka ba ta wuta, bar ta ta ci da kanta."

Da aka zo matakin, hancin motar ya miƙe sama har Martha ba ta ganin komai sai gajimare. Ɗaya daga tayoyin gaba ta tashi tana lilo a iska. Martha ta runtse ido tana kiran sunan Yesu, Mamudu yana salati, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tayoyin baya suka kwanta a kan santsin nan, suka kama, suka ɗan saki, suka sake kamawa. A hankali, a hankali, motar ta ja jikinta ta haye.

Mutanen Shagbe suka fito, yara da manya, don mota ba ta taɓa taka garinsu ba. Ba wanda ya yi guɗa. Sun san inda za ta. Mamudu ya kai ta har gefen kabarin, aka kwance Martha, ta taka taku shida da sandarta ta durƙusa. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙasar.

"Moses, na zo. Ka yi haƙuri na daɗe."

Sai a lokacin kukan shekara bakwai ya zo mata. Aka bar ta ta yi.

Tun daga ranar motar ba ta huta ba. Ta sauko da mai naƙuda, ta sauko da wanda maciji ya sara, ta hau da kwanon rufin makaranta. Ndakotsu ya bar wa ƙauyen ita, Mamudu ke tuƙawa. Saboda haka, ku makanikan Minna, har da ku da kuka yi masa dariyar birkila, ku duba ku gani. Sana'ar da ke hannunku ta fi ƙarfin canza mai da ɗaure burki, in kun ga dama. Mu sauran kuma, in mun yi wa mai makoki alkawari, mu tuna cewa shi ba ya mantawa.

Mun gode, Ndakotsu, ɗan Bida, makanikin Limawa. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka abin da ya rage na ganinka, ya ba ka hutu mai daɗi.

Mamudu ya ba da labari cewa a ranar, bayan Martha ta share hawaye, ta waiwaya ta ga dattijon tsaye can gefe, ƙafafunsa duk sun tsattsage, yana fuskantar wajen da ba nan kabarin yake ba. Ta miƙa hannu ta kamo gefen rigarsa, ta juyo da shi.

Ya ce, "Maman Shekina, kin gani?"

"Na gani, Baba Nda."

"To, faɗa mini. Yaya yake?"

Ta ce an share shi fes, an kewaye shi da duwatsu, kuma wani ya shuka doya a gefensa, har ta yi yaɗo.

Ndakotsu ya gyaɗa kai. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ni ma na gani."