Kwana Uku a Gidan Ungozomar Fadaman Mada

Ana sallame sallar asuba motarmu ta bar tasha a Kano. Ni da wani abokin karatuna ne, Kirista daga kudancin Bauchi, wanda iyayensa ke zaune a cikin garin Bauchi. Ina shekarar ƙarshe a sashen Hausa, kuma aikin binciken da na zaɓa shi ne tattara kurakuran da waɗanda ba Hausawa ba suke yi idan suna magana. Gaskiya ita ce a bakinsa na samo dabarar, don na sha kwaikwayon maganarsa a aji ana dariya. Duk da haka, shi ya ce in sauka a gidansu.

Damina ta yi kyau. Daga Birnin Kudu zuwa Ningi ban runtsa ba, ina kallon duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ga masara kore shar har gindinsu. Ramukan hanya kuwa, direbanmu ya san kowanne kamar ɗan'uwansa, don bai wuce ko ɗaya bai gaisa da shi ba.

Da azahar muka shiga Bauchi, keke mai ƙafa uku ya kai mu unguwar Fadaman Mada. Mahaifiyarsa, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, ta tarbe mu da masa mai zafi da miyar taushe. Na sha jin labarin masar Bauchi, amma ban san tana narkewa a baki haka ba. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas. "Ɗana, ka ci da kyau, miyan ya yi sanyi ba daɗi," in ji ta. Na ce, "Na gode, Mama." Tana juya baya na rubuta "miyan ya yi" a littafina.

Washegari muka raka ta garin Zungur, inda take zuwa duba masu ciki kyauta duk mako. A nan na fara shan mamaki. Ta gaisa da wata tsohuwa da Jaranci, ta tsokani wani manomi da Sayanci, ta amsa waya da Turanci, duk kafin mu wuce gida biyar.

Sai wata dattijuwa ta zo a guje daga ruga, ta ce surukarta tun jiya take naƙuda. Muka bi ta har rugar, Mama ta shiga bukkar mai naƙudar, ta fito fuska a ɗaure, ta ce ɗan a gicciye yake, dole a kai ta asibiti yanzu. Mijin matar ya ce atafau. Wai wancan karon da suka je wani asibiti, an ce musu mutanen daji, an bar su a benci har yamma saboda ba su iya bayani da Hausa ba.

Na matsa, na zuba masa Hausata ta Kano tsantsa, da nasiha da komai. Ko kallona bai yi ba. Mama ta durƙusa a gabansa, ta soma magana da Fillanci a hankali. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga sandar da ke kafaɗarsa tana sauka har ta taɓa ƙasa. Daga baya abokina ya ce abin da ta faɗa shi ne, ita ma an taɓa hana ta hayar ɗaki a garin Bauchi don an ji harshenta, kuma yau ba wanda zai bar su a benci tana tsaye.

Muka tare wata a-kori-kura mai ɗaukar masara. Ni da abokina muka riƙe zani muna yi wa matar inuwa har cikin gari. Kafin la'asar aka fito aka ce namiji ne, uwar ma tana lafiya. Mijin ya kama hannun abokina da nawa, ya riƙe gam.

A gida na rasa inda zan sa fuskata. Mama ta ce, "Ɗana, na ga littafin ka a kan tabarma. Ka rubuta, ba laifi. Hausa na a ɗakin haihuwa na koye shi, ba a makaranta ba." Ta yi dariya, ta ƙara mini tuwo.

Washegari a tasha na nemi gafarar abokina. Ya ce ya daɗe yana jin zafin abin, shi ya sa ya kawo ni gida maimakon ya yi mini faɗa.

Na dawo Kano lafiya, na roƙi malamina ya bar ni in sauya binciken. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, raina mutum saboda harshensa ba wasa ba ne. Dariyar da nake yi a aji ita ce wadda ta kusa hana mace zuwa asibiti. Muna da maƙwabci Babarbare, shekara da shekaru muna gaisawa da Hausa. Jiya na tsaya a ƙofarsa na ce, "Baba, yaya ake cewa ina kwana da Barbarci?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo mini kujera.