Mai Majigin da Ya Hana Jarumi Mutuwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, bayan la'asar, babbar 'yarka ta kira ni ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma kafin in gama share hawaye sai na tsinci kaina ina dariya, don tunawa da kai ba ya barin mutum cikin ɓacin rai.

Yaran yanzu sun san ka a matsayin tsoho mai gyaran rediyo. Mu kuwa mun san ka a tsohuwar silimar bakin kasuwa, wadda ba ta da rufi: kana sama a ɗakin majigi, ni ina taga ina yanke tikiti. Ranar Asabar 'yan kiɗa su hau dandamalin da ke gaban allo, su cashe kafin a fara fim. Duk sanda fim ya tsinke, sai ka leƙo ta 'yar tagarka ka ce, "Saura ƙiris!" Har sunan ya bi ka.

A lokacin, fim ɗaya muke rabawa da silimar ƙetaren gada. In sun gama faifai, mai keke ya kawo mana. Wata Asabar faifan ƙarshe ya ƙi zuwa, kacar keken ta tsinke a hanya. Ga jarumi a hannun mugu, ga allo ya yi fari fat. Mai gidan silimar kuwa ya riga ya rantse cewa in 'yan kallo suka sake karya masa benci, zai mai da wurin ɗakin ajiyar siminti. Abincinmu ke nan gaba ɗaya. Wallahi na fara neman ƙofar gudu.

Sai ka sauko da jallabiyarka duk bakin mai, ka hau dandamali, ka ce wa mai ganga, "Bi ni a hankali." Ka haddace fim ɗin sarai, ka san jarumin mutuwa yake yi. Amma da ka dubi idon jama'a, sai ka kwance masa igiya da bakinka. Ka yi dambe da iska, ganga na amsa kowane naushi, ka jefa mugu a rijiya, ka ɗaura wa jarumi aure nan take, mai algaita ya busa. Mutane suka hau benci suna rawa, kuma ko ƙusa ba ta fita ba.

Washegari muka nuna faifan gaskiya. Jarumi na faɗuwa aka ɗau ihu, "Ƙarya ne! A ba mu na jiya!" Dole mai gidan ya turo ka ka sake tashinsa. Silimar nan ta ci gaba da ciyar da mu har muka aurar da 'ya'ya.

A zaman makokinka wani dattijo da ban sani ba ya matso ya riƙe hannuna. Ya ce, "Malam, shekara da shekaru muna musu da abokina. Jarumin nan ai bai mutu ba ko?" Na ce masa bai mutu ba, ni shaida ne, a gabana aka ɗaura auren.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya faranta maka kamar yadda ka faranta wa bayinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka, da jikoki, da sauran 'yan kiɗan da suka rage. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.