Tukunyar aro a wurin bizit

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka bar Gure, ni da abokina mai gyaran mota, a tsohuwar bashe tawa, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Damagaram muka nufa, in sabunta takardar bizit, wadda ke shaida lafiyar mota. Tawa ta mutu tun watan jiya. A dajin Bune inda nake yawon yi wa dabbobi allura ba mai tambaya, amma ranar Juma'a zan kai Baba Maradi. Likitocin ido sun zo na mako ɗaya, shi kuwa yanar ido ta rufe masa duka biyun, ga ciwon baya da ba ya barinsa dogon zama. Na riga na auna katifa a bayan motar don ya tafi a kwance.

Matsala ɗaya ce. Bara na gaji da yadda tukunyar hayaƙi, wato salansa, ke kartar rairayi duk tudun da na hau, na sa aka yanke ta, aka lanƙwasa bututun ya miƙe sama ta gefen ƙofa. Rabin direbobin daji haka suke yi. Motar ta sami ƙarfi, ta kuma sami baki, don in na tayar da ita har awakin maƙwabta sai sun watse. Ranar bizit kuwa kowa ya san dabara: a ari abin da babu, a nuna, a mayar wa mai shi.

A Gidigir muka karya da shayi da burodi, dala talatin mu biyu, tun da aka karya darajar sefa ma burodin ya rame. Nan wani direba ya ara mini tukunya, ya jawo ta daga bayan rumbu inda ta shekara uku a jingine. Na ce mu kakkaɓe ta, abokina ya ce rana na yi. Ban matsa ba, kuma wannan laifina ne.

Hanya ba laifi sai ramuka bayan Gidimuni. Jandarma ya tsayar da mu, na ce bizit ɗin ma za mu, ya dubi bututun ya yi dariya ya ɗaga sanda. A Mirriya mata sun jera tuluna a bakin titi, ga rake ga lemu daga garake. Na sayi rake muka yi ta tsotso har gari.

A wata inuwa kusa da tasha abokina ya kwance bututun, ya ɗaure tukunyar aro da waya. Muka tura motar cikin layi ba mu ko tayar da ita ba, wai kada wayar ta saki kafin lokaci.

Ma'aikacin dattijo ne mai farar riga, ba ya son yawan magana. Ya duba birki, ya duba fitila, sannan ya tsuguna a baya da farar takarda a hannu ya ce in tayar da ita in taka totur. Na taka. Sai na ji wani tari, baƙar ƙurar shekara uku ta fito gaba ɗaya, har da ɓawon gyaɗa da tsummokaran da ɓera ya tara. Da hayaƙin ya lafa, takarda da riga da gemu duk launinsu ɗaya.

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Ya leƙa ƙarƙashi ya taɓa wayar.

"Malam, wa ya yanke wannan?"

Na ce ni ne. Na gaya masa zancen Baba.

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ba zan sa hannu a kwantar da tsoho a kan wannan hayaƙi ba. Ka sa sabuwa da walda, ka dawo Litinin."

Na zagaye garejojin unguwar Zango kaf, ba tukunyar da ta dace sai an aiko daga Kano. Muka ci tuwo a tasha, ban san ɗanɗanonsa ba, muka juyo. La'asar sakaliya muka shiga Gure.

Na iske Baba a zaure na faɗa masa komai, ban rage ba. Sai ya ce a nemo masa kujerar gaba a motar haya.

Abin da na koyo ba shi da yawa: gyaran da na yi don sauƙin kaina, wani ne ya biya shi da bayansa. Ranar Juma'a na tallafe shi ya shiga motar tasha, ƙanwata da za ta raka mu ta cusa masa matashi, ina ganin yadda yake cije leɓe. Na sa ƙafa zan shiga baya, sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ita ta isa. Kai zauna ka mayar da abin da ka yanke."