Kwana Uku a Pangkor da Bayan da Ya Ƙi Rufa Min Asiri

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da uwargida, ko hankakin unguwarmu Danau Kota ba su fara ihun da suka saba ba. Gara in faɗa muku tun farko, ni ban so tafiyar nan ba. Shekarata goma sha huɗu a Malesiya ina aikin kago, ina ɗaure kayan 'yan kasuwarmu ina lodawa a kwantena zuwa gida, amma ban taɓa zuwa bakin ruwa don kallo ba. Tekun da na sani shi ne na tashar jiragen kaya ta Port Klang, inda babu komai sai warin gas da hayaniyar direbobi. Babbar 'yarmu ce da mijinta suka biya mana kwana uku a wani otal a tsibirin Pangkor, suka turo takardar a waya, suka ce ko mun je ko ba mu je ba kuɗin ba ya dawowa. Abin da ya fito da ni ke nan.

Akwai kuma abin da na taho da shi a cikina wanda ba wanda ya sani. Wata biyu da suka wuce likita ya ɗauki hoton bayana, ya nuna min inda ƙashi ya danne jijiya. Ya ce in daina ɗaga kaya masu nauyi, in na ƙi to aiki za a yi min, kuma ba zai ba ni tabbacin ƙafar hagu ba. Na ninke takardar na cusa a durowar sito. Da na koma gida uwargida ta tambaya, na ce sanyi ne. Mutumin da bayansa ne jarinsa, ya je ya ce wa iyalinsa jarin ya karye? Na ja bakina na ci gaba da lodi, ina haɗiyar ƙwaya safe da yamma.

Daga tashar Taman Melati da ke kusa da mu muka hau jirgin ƙasa zuwa babbar tashar mota, can muka shiga bas ta Lumut. Kuɗin kujera bai kai abin da nake kashewa a mamak, gidan shayi da abinci na nan ƙasar, a kwana biyu ba. Hanyar kuwa sai godiya. Kusan awa huɗu muna tafiya ban ji motar ta faɗa rami ko ɗaya ba, kuma bayana ne shaida, don shi ba ya yi min ƙarya. Dama da hagu gonakin kwakwar manja ne iya ganinka, an jera su kamar sahun sallar Idi. Mun tsaya sau ɗaya a wurin hutawa, muka ci nasi lemak, shinkafar kwakwa da gyaɗa da ƙananan kifi, muka kora da shayin madara. Ban-ɗakin wurin ya fi ofishin wasu manyan tsabta, da masallaci a gefe, da ruwan alwala yana zuba.

A Lumut muka shiga jirgin ruwa. Uwargida ba ta taɓa hawa ba, tun kafin a kunna inji ta fara addu'a, ba ta tsaya ba sai da muka sauka, wajen rabin awa. Ni ina yi mata dariya, alhali ni ma hannuna bai saki ƙarfen kujera ba. Da muka sauka sai ga motocin haya duk fentin ruwan hoda, kamar na kai amarya. Direbanmu ya bi da mu ta gefen dutse, daji a hagu, ruwa a dama, birai a bakin titi suna zaune kamar masu jiran mota.

Otal ɗin dai, jama'a, ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na tsaya, ba ni da kalmomin da zan kwatanta shi. Muna shiga aka miƙo mana ɗan tawul mai sanyi a nannaɗe, yana ƙamshin ciyawar shayi. Na riƙe shi ina jira, sai da na ga wani Bature ya goge fuska sannan na gane. Ɗakinmu na katako ne a kan ƙafafu, in ka buɗe ƙofa yashi ne fari sannan ruwa. A rufin ɗakin an manna kibiya mai nuna alƙibla, ga sallaya biyu a ninke. Butar da uwargida ta dage sai mun taho da ita tun daga gida ba ta yi aikin komai ba, sun tanadi komai. Ma'aikatan kuwa, duk wanda ka haɗu da shi sai ya dafa ƙirji ya gaishe ka, tun daga manaja har mai shara.

Ruwan nan kala uku ne. Kusa da kai fari, kana ganin yatsun ƙafarka, gaba kaɗan kore, can nesa shuɗi har ya haɗe da sama. Na naɗe wando na shiga iya gwiwa na tsaya. Matan Malai suna ta wanka da hijabinsu da dogayen riguna, ba mai kallon wani. Uwargida ta gani ta ce ashe ana yi, ta shiga ita ma, igiyar ruwa ta buge ta ta zauna daɓas, ta tashi tana dariya irin wadda rabona da ji tun yaranmu suna ƙanana. Da yamma cilakowa suka sauko daga daji, manya, masu baki kamar an ɗora musu ayaba a kai, wani ma'aikaci yana jefa musu 'ya'yan itace suna cafewa a sama. Abinci kuma sai wanda ka zaɓa. Kifin da aka kamo da safe ake gasa maka a ganyen ayaba kana tsaye. Nasu yajin yana da daɗi, amma da uwargida ta fito da namu na daddawa daga jaka, sai ga mai gashin ya zo ya ɗanɗana, ya yi tari, ya ce a ƙara masa.

Rana ta biyu ita ce ta wurin tausa, abin da suke kira sifa, yana cikin abin da yaran suka biya. Na ce ni mace ba za ta taɓa ni ba. Suka ce ai dama ɓangaren maza daban, na mata daban. Uwargida ta yi nata wajen, ni na yi nawa. Wuri ne a cikin itatuwa, ruwa yana gangarowa a kan duwatsu, ba ka jin komai sai shi da tsuntsaye. Aka wanke min ƙafa a kwano mai furanni, aka ba ni shayin citta. Sannan aka kawo takarda mai zanen jikin mutum, wai in yi alama a inda yake min ciwo. Ban yi alama ko ɗaya ba. Aka ce tausar iri uku ce, mai laushi, matsakaiciya, da mai ƙarfi. Na ce mai ƙarfi.

Ku da kuka tashi a gida kun san dalili. Ina yaro na karye a hannu a Wudil, mai ɗori yana ja, mahaifina yana tsaye a kaina yana cewa namiji ba ya kuka. Wanzami ya yi min ƙaho ba sau ɗaya ba, mutane suna zaune suna kallon fuskarka ko za ka yamutsa. A wurinmu in magani bai yi zafi ba, ba a yarda ya shiga. Da wannan karatun na kwanta a gadon mutane.

Mai tausar wani dattijo ne ɗan Malai, siriri, ba za ka ce zai iya ɗaga buhun gishiri ba, amma yatsunsa kamar filaya. Tun farko ya ce in na ji ciwo in faɗa. Ya fara daga kafaɗa, na ji daɗi ƙwarai. Da ya gangaro ƙugu ya danna, sai na ji kamar an zura min waya mai wuta daga baya har ɗan yatsan ƙafar hagu. Ya tsaya ya ce, "Sakit, Abang?" wato da ciwo, Yaya? Na fahimce shi sarai. Na ce, "Boleh, boleh," ci gaba kawai. Sau uku yana tambaya, sau uku ina cewa ya ci gaba, ina cizon tawul, gumi yana ɗiga ta ramin da ake sa fuska. A na huɗu bai tambaya ba, ya ɗauke hannunsa ya ce in tashi zaune. Na sauko da ƙafa zan tsaya, ta hagu ta ce ba da ita ba. Da bai tare ni ba da na sha ƙasa.

Ya zaunar da ni, ya ja kujera ya zauna a gabana. Bai yi faɗa ba. Da Turancinsa da nawa, duk guragu, muka fahimci juna. Ya ce, "Abang, hannuna ba ya gani a cikin jikinka. Bakinka ne idona. In ka rufe shi, makaho ka sa ya taɓa ka." Ya tambaya ko likita ya taɓa duba bayan. Ban san yadda aka yi ba, abin da na ɓoye wa matar da muka shekara ashirin da shida tare, sai ga shi na zazzage wa mutumin da ban san sunansa ba. Ya ji duka, ya ce, "Matarka ta sani?" Na ce a'a. Ya girgiza kai, ya tashi ya ɗauko wani ƙunshin ganye mai ɗumi ya riƙa ɗora min a hankali har ƙafar ta dawo. Sannan ya kira 'yar motar otal mai batir ta kai ni ɗaki.

A bakin ɗakin na tarar da uwargida, fuska tana sheƙi, tana ƙamshin man kwakwa, ta buɗe baki za ta ba ni labarin wankan furanni. Sai ta ga ana sauko da ni ana riƙe da hammatata.

Bayan la'asar muna zaune a barandar, na faɗa mata. Hoton, da jijiyar, da maganar aiki, da ƙafar, ban rage komai ba. 

"Wata biyu, Malam?" ta ce. "Ina dafa maka citta da kanumfari kullum, ina cewa sanyi ne, kana karɓa kana sha kana yi min sannu?"

Na ce ban so hankalinta ya tashi ba ne.

"Da ka faɗi a cikin kwantena aka kira ni, a lokacin hankalina zai kwanta ke nan? Ni matarka ce ko 'yar haya?"

Na ce to in na daina lodi me za mu ci.

"Kai ka san 'yan kasuwan, kai ka san takardun, kai suke kira. Baki da waya ba sa buƙatar baya. Ka ɗauki masu ɗagawa ka tsaya kana nunawa. Wainar da nake sayar wa ɗalibai kuma ba wasan yara ba ce, kai ne dai ba ka taɓa tambaya ba."

Gaskiya ta faɗa, ban taɓa tambaya ba. Ranar ba ta ƙara yi min magana ba sai da aka kawo abinci, ta cire min ƙayar kifi ta turo min farantin ba tare da ta kalle ni ba.

Rana ta uku na koma wurin dattijon da ƙafata. Aka kawo takardar, na zana alama a ƙugu har biro ya kusa huda ta. Ya ce bayan nan na likita ne, ba zai taɓa shi ba, kafaɗa da ƙafafu kawai zai yi, da ɗumi. Ko ya ɗan matsa sai in ce sakit, har ya fara dariya ya ce yanzu kuma na yi yawa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Na farka na ji jikina kamar an sauke min buhu. Na ga masu sana'a a rayuwata, amma mutumin nan ya san aikinsa, kuma ya san mutane. Duk wanda Allah ya hore wa, ya je wurin nan. Ba almubazzaranci ba ne.

Washegari da safe muka sayi busasshen kifi na tsaraba a kasuwar bakin jirgi, arha kamar banza, muka kamo hanya. Mun iso Danau Kota bayan la'asar, daidai lokacin da mutanenmu suke cika mamak ɗin ƙasan benenmu. Na miƙa hannu zan ɗauki akwati daga but ɗin tasin da ta kawo mu, uwargida ta buge hannun. Ta ja akwatin, ta rataya jaka, ta rungumi kwalin kifi, ni ina biye hannu na dukan cinya. Wani abokin aikina ya hango mu ya ɗaga murya.

"A'a! Sarkin lodi, hutun ne ya kai ka ga haka? Hajiya ce ɗan dako yau?"

Teburin ya fashe da dariya. A da, da na ƙwace akwatin nan ko zan mutu a kan matakala. Na tsaya na ce, "Bayana ne ya lalace. Likita ya hana ni ɗaga kaya. Daga Litinin ina neman mutum biyu masu ƙarfi, wanda ya san wani ya turo min."

Dariyar ta tsaya. Can wani dattijo a cikinsu, wanda shekara goma muna zama tare, ya ajiye kofinsa ya ce, "Wane asibiti ka je? Ni ma tawa gwiwar ta kai shekara."

Abin da na koyo a Pangkor ke nan, ban da kallon ruwa da cin kifi. Dauriya tana da wurinta, ban ce a zubar da ita ba. Amma wanda yake son ya taimake ka, ko mai tausa ne ko matarka, ba zai san inda zai sa hannu ba sai ka faɗa masa inda yake ciwo. Ranar Alhamis zan koma wurin likita, kuma uwargida ta ce ƙafarta ƙafata, don ba ta ƙara yarda da rahotona ba.