Daddawar Inna a Ƙarƙashin Gadon Duba-gari

In ma na manta duk abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ba zan taɓa manta abin da Inna, mahaifiyata, ta yi mini ba bayan na ajiye aiki na dawo gida Daura. Lokacin ne kuɗin fetur ya shigo ƙasa, kowa na rufin kwano. Ni ma da kuɗin sallamata ya fito sai na yi wa ɗakina kwano, na sa gadon ƙarfe, na ce saura hutu da kula da tsohuwa.

Ko mako ba a yi ba hutun ya ishe ni. Mutumin da ya saba shiga gidaje yana leƙa randa da kwata, ga shi zaune a zaure yana korar ƙuda. Sai na mai da gidanmu wurin aiki. Kullum da hantsi in buɗe randar Inna, in duba madafi, in leƙa bayan ƙofarta da ƙarƙashin gadonta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai dai ta ce, "Duba-gari, an tashi lafiya? Yau kuma me muka yi?"

Babban laifinta a wurina daddawa. Tun ina yaro take yin ta, ta dafa kalwa, ta surfa, ta rufe a wuri mai ɗumi sai ta ruɓa, matan unguwa su yi ta zuwa saye ana hira. Na ce, "Inna, kin tsufa, ga wari, ga ni na dawo. Daga yau an daina." Ta dube ni ta ce, "To." Mata suka ɗauke ƙafa. Tuwonta ya riƙa dawowa rabi, ta wuni a tabarma tana kallon bango, har zanenta ya fara yi mata yawa. Na tsorata ƙwarai, amma don wauta sai na sayo mata maganin ƙarin jini da rediyo.

Can sai na ga ta warware, tana cin abinci, tana shiga maƙwabta. Na yi ta yabon maganin a majalisa. A makon nan ne wani wari ya taso a ɗakina. Na ce ɓera ne ya mutu, na fesa magani, a banza. Ɗakin Inna na bincike shi tas, babu komai. Na yanke hukunci kwatar maƙwabcinmu ce, wani dattijo mai kiwon awaki, na je na kai ƙara wurin tsohon abokin aikina da ke riƙe da gari.

Ya zo da kakinsa da littafi. Ya duba kwatar dattijo, fes. Ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya juyo, ya shigo zaurenmu, dattijon na biye da shi, mutanen majalisa na biye da dattijo. Hancinsa bai tsaya ko'ina ba sai ɗakina da ke jikin zauren, bakin gadona. Ya durƙusa ya jawo kwando rufe da buhu. Da ya yaye, sai ga kalwa ta nuna luguf.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, yana cije leɓe, "sunan wa zan rubuta?"

Dattijo ya ce, "Rubuta awakina, Malam, su suka dafa."

Zaure ya kece da dariya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na shiga cikin gida a fusace, na tarar da Inna tana tsince tsakuwa a faifai.

"Inna, a ɗakina?"

"A maƙwabta na dafa," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kwanon nan naka ya fi ko'ina zafi. Kuma duk gidan nan, nan ne kaɗai ba ka dubawa."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ajiye faifan. "Kai da gwamnati ta sallama da takarda, ka huta? Kana ta zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ni wa ya sallame ni? In na daina, me zan tashi in yi da safe, jiran mutuwa?"

Fushin ya tafi, kunya ta zo, hawaye ya cika mini ido. Abin da na kasa jurewa mako guda shi na ɗora wa tsohuwa ina kiransa gata. Washegari ni na faskara mata itace, kuma shekara shida da ta ƙara a duniya ni ne mai daka, muna hira tana biya na da zagi. A nan na koyi cewa in kana son tsohonka ya daɗe, ka kama masa aikinsa, kada ka ƙwace.